Littafin da Aka Yaɓe Cikin Bango

Akwai wani matashi a birnin Zinder, zamanin sarakunan Damagaram, tun Nasara bai zo ba. Sunansa Yusufu, asalin gidansu Barebari ne. Ya sauke Alƙur'ani, ya kuma taɓa karatun littattafai a zauren malaminsu, Goni Bukar.

A wancan lokacin duk mai son ilimi mai zurfi Kukawa yake nufa, can ƙasar Barno. Ayarin Kukawa kuwa sau ɗaya yake tashi a shekara, bayan an gama girbi.

Da farkon damina Goni Bukar ya kira ɗalibansa biyu, Yusufu da wani ɗan manoma daga Tirmini mai suna Inusa. Ya ce musu:

"Bana ku zan tura. Amma ku sani, shehin da za ku je wurinsa ba ya zaunar da ɗalibin da bai zo da littafinsa na fiƙihu ba. Kowa da nasa. Ku je ku yi shiri."

Yusufu ya yi murmushi, don shi wannan ba abin damuwa ba ne. A gidansu akwai littafin, cikakke, wanda kakansa na wajen uwa ya rubuta da hannunsa, har da bayanai a gefen kowane shafi. Duk unguwar babu irinsa.

Inusa ba shi da komai. Ragon da yake kiwo ya sayar, ya sayi farar takarda wajen fataken Zango. Ya haɗa tawada, ya feƙe alƙalumansa na gamba, ya zo ƙofar gidan su Yusufu ya yi sallama.

"Babarbare, yau da roƙo na zo," in ji shi yana dariya. "Ka ara mini littafin kakanka in kwafa. Ba zan fita da shi ba, a nan zaurenku zan zauna, kana kallona."

Yusufu ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Da wannan hannun naka na riƙon hauya? Ai sai ka yage mini takarda."

"Zan wanke hannu har gwiwa."

"Inusa, bar wasa. In mun je Kukawa ni da kai da littafi iri ɗaya, da bayanan kakana a hannunka, da me za a gane ɗan gidan ilimi? Ka nema wani wuri."

Dariyar Inusa ta tsaya. Ya naɗe takardunsa ya ce, "To, Allah ya bar zumunci." Ya tafi.

Mahaifiyar Yusufu, Ya Falmata, ta ji komai daga cikin gida. Da ya shigo ta ce:

"Ɗan nan, babana bai taɓa hana kowa littafin nan ba. Ina yarinya, zaurenmu cike yake da masu kwafa. In yaron nan ya dawo, ni zan ba shi."

Wannan magana ce ta tsorata Yusufu. Ya san halin uwarsa, in ta ce za ta bayar, za ta bayar.

Da can littafin a rataye yake cikin gafakarsa ta fata, a kan maratayi, kuma lokaci-lokaci Ya Falmata takan sauke shi ta shanya a inuwa ya sha iska. Ranar da ta tafi gidan suna, Yusufu ya sauke gafakar, ya kai ɗakinsa, ya cusa ta cikin wani alkuki a jikin bango. Ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe bakin, ya shafe sumul.

Matarsa Balki ce kawai ta gani, don ita ta kawo masa ruwan kwaɓin. Amarya ce, mai kunya ƙwarai, ko ido ba ta iya haɗawa da shi. Ya ce mata:

"Kin gani, ba ki gani ba. In Inna ta ji, daga bakinki ne."

Da Ya Falmata ta tambaya, sai ya ce ya ajiye littafin inda ba za a taɓa ba. 

Damina ta yi ƙarfi. Gidan ya shiga shirin tafiya. Ya Falmata tana dakan dakuwa, Balki tana niƙan garin gero, an kai fata wajen majemi don salkar ruwa. Yusufu kuma ya sa aka ɗinka masa babbar riga mai aiki, kullum sai ya gwada ta ya zagaya tsakar gida.

Shi kuwa Inusa har Gidimuni ya taka, wajen wani tsohon malami mai irin littafin, amma nasa ya tsufa, ƙarshensa ma ya ɓace. Da safe ya yi wa tsohon noma, da rana ya zauna ya kwafa.

Wata safiya Balki na shara, sai ta ga wani siririn zane na jar ƙasa ya taso daga gindin bango, ya miƙe sama, daidai wurin da aka yaɓe. Gara ce. Ta sa tsintsiya ta kankare. Washegari ta tarar zanen ya dawo, har ya yi reshe.

Ta daɗe tana juya maganar a ranta. Da ta kawo masa fura, ta durƙusa ta ce a hankali:

"Malam, bangon nan..."

"Wane bango?" ya daka mata tsawa. "Ban ce kada in ƙara jin zancen nan ba? Ko Inna ce ta aiko ki?"

"A'a, Malam, na ga dai..."

"Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi. Bayan kwana kaɗan ta sake gwadawa, ya sake korarta, har ya ce in ta kuma sai ta koma gidansu. Daga nan sai dai ta kankare zanen kowace safiya, tana share hawaye da bakin zane.

Aka gama girbi. Madugu ya aiko cewa ayari na gab da tashi. Inusa ya dawo daga Gidimuni ya rame, ya yi baƙi, da littafinsa marar ƙarshe a ɗaure cikin tsumma. Goni Bukar ya ce kowa ya kawo nasa ya sa masa albarka.

Yusufu ya sa sabuwar riga. Ya kira uwarsa da fara'a:

"Inna, zo ki ga ajiyar masu hankali."

Ya sa dutse ya fasa yaɓen. Ya miƙa hannu ya jawo gafakar, sai igiyar kawai ta biyo shi. Ya sake zura hannu, ya damƙo, ya fito da shi cike da jar ƙasa mai laushi, fararen ƙwari suna yawo a kan yatsunsa.

Ya yi ta tono kamar mahaukaci. Abin da ya samu shi ne guntayen takarda, ko faɗin farce ba su kai ba. Wani da rabin harafi, wani babu komai.

Ya Falmata ta zauna a ƙasa daɓas. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki guntu ɗaya ta sa a tafin hannunta, ta ce:

"A shafin ƙarshe babana ya rubuta sunana, ranar da aka haife ni. Ban iya karatu ba, amma na san wurin. Nakan sa yatsa a kai."

Yusufu ya juya kan Balki. "Ke kina ɗakin nan kullum! Ba ki ga komai ba?"

Kanta a sunkuye ta ce, "Na gani, Malam. Na zo in faɗa, ka ce in tashi."

Yusufu ya fice daga ɗakin.

Ya ruga zauren Goni Bukar da ƙasa a jikin rigarsa. Da tsohon ya ji labari, ya yi salati, sannan ya tambaya:

"Wa ya kwafa a wajenka? Mu aika a karɓo nasa."

Yusufu ya dubi ƙasa. Inusa ma, da ke zaune gefe, ya sunkuyar da kai.

"Babu ko mutum ɗaya?"

"Babu, Malam."

Inusa ya matso ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mu tafi da nawa mu biyu. Shi ya karanta da safe, ni da yamma."

Goni Bukar ya girgiza kai. "Na san shehin nan. Zai mayar da shi daga bakin ƙofa, ya yi tafiyar banza. Lokacin kwafa kuma ya ƙure."

Ranar tashin ayari Yusufu bai iya fita ba. Inusa ne ya biyo ta gidan da kayansa a ka. Ya ajiye wani ƙunshi a bakin zaure.

"Sauran farar takardata ce, wadda na ware wa ƙarshen littafin. Rubuta abin da ka tuna na bayanan kakanka, kafin ya gudu. Babarbare, ka yafe ni, hanya ba ta da tabbas."

Ayari ya fita ta ƙofar gabas, ya ɓace bayan duwatsu.

Yusufu ya zauna da takarda da alƙalami. Uwarsa ta zo ta zauna nesa kaɗan, tana jira. Ya tsoma alƙalami a tawada, ya ɗaga, ya tsaya. A nan ne ya gane cewa tun da littafin ya zo hannunsa, taƙama da shi ya yi ta yi, bai zauna ya karanta bayanan ba. Cewa yake sai an je Kukawa.

Tawada ta bushe a bakin alƙalami. Ya Falmata ta tashi a hankali ta shige ɗaki.

Dakuwar da aka daka don hanya, yaran unguwa aka raba wa. Shekara ta zagayo, ciwo ya kwantar da Ya Falmata, Yusufu bai tafi ba. Wata shekarar ma bai tafi ba. Har ya tsufa a Zinder, farar takardar nan tana rataye a ɗakinsa, babu ko layi ɗaya a kanta.

Darasi: Ilimin da ka hana ɗan'uwanka, kai ma ba naka ba ne, ranar da ya salwanta babu inda za ka je ka karɓo. 'Yan'uwana da kuka samu bak, wato shaidar gama sakandare, kuna shirin shiga jami'a bana, kada ku ɓoye wa juna karatu don a ce ku kaɗai kuka sani, kuma in na ƙasa da ku ya buɗe baki, ku bari ya ƙarasa. Don Allah ku tura wa wani ɗalibi wannan labari kafin ya ɗaure kayansa.