Kunnen Baffa

Wa ya aike ku tambayar abin da ya raba Baffanku da aiki? Ke ce ko, Uwar Surutu? Kwanon da kuka ci abinci ba ku iya wankewa ba, amma tonon maganar manya kun ƙware. Da muna yara, wanda ya yi irin wannan tambaya kallo ɗaya ake yi masa ya nemi ƙofa. To tunda kun tono, ku zauna ku ji. Kai kuma maigidan da ko cefane bai taɓa yi mini ba, sauke ƙafa daga kan kujerata. Ko sunana ban iya rubutawa ba, amma abin da idona ya gani ba na ƙara masa gishiri. Wanda ya katse ni, na tashi.

Baffanku shi ne ɗana na fari. Ba don ni na haife shi ba, a aikin katako ban ga kamarsa ba. Shi ne shugaban ma'aikata a wata masana'antar tsaga katako, kowa Oga yake ce masa. Ba ya sata, ba ya ƙarya, ba ya makara. Aibinsa ɗaya ne: ya tsani rauni. A gabansa mutum bai isa ya ce "na gaji" ko "ban gane ba" ko "ina tsoro" ba.

Akwai wani benci da ya kafa a bakin ƙofa, yana kallon titi. Bencin majinyata yake kiransa. Duk wanda ya yi ƙorafi, can zai wuni, hannu a cinya, masu wucewa suna kallonsa. "Je ka huta, likita na nan tafe," in ji Baffanku, sauran kuma dole su yi dariya, don wanda bai yi ba shi ne na gaba. Da haka ƙatti suka koyi ɓoye ciwo. Mutum ya yanke a yatsa, sai ya naɗe da tsumma ya cusa a aljihu. Wanda ya baro ɗansa ba lafiya a gida, sai ya haɗiye, ya zo yana washe baki.

A cikinsu akwai wani magidanci da shan inna ya shanye wa ƙafar hagu tun yana yaro. Da sanda yake tafiya. Aikinsa goge katako har ya yi santsi. Saboda rashin saurinsa Baffanku ya laƙa masa suna Jirgi. "Ku ba da hanya, Jirgi zai tashi!" Lokacin cin abinci kowa ya zagaye Oga, shi kuwa Jirgi yana can bayan tarin katako shi kaɗai. Ba wanda ya kore shi. Ba dai wanda ya taɓa matsa masa wuri.

Yanzu ku buɗe kunne ku ji yadda aikin yake, don a nan maganar take. Babban injin yana tsakiyar ɗaki, zartonsa ya kai faifai girma. Wani lokaci guntun katako da dusa sukan cushe a ƙarƙashinsa. Sai a kashe, mutum ɗaya ya kwanta ya shiga ciki ya zura hannu ya cire. In ya fito sai ya ɗaga murya ya ce, "An fito!" sannan a kunna. Makunnin yana jikin bango, bayan wani ginshiƙi, inda mai kunnawa ba ya ganin ƙasan injin. Ba mai taɓa makunnin nan sai Oga. Har layi ya ja da jan fenti a ƙasa, ya ce duk wanda ya ƙetare shi ya ɗauki jakarsa ya tafi gida.

Ana haka ƙarar injin ta ci kunnen Baffanku. A hankali ta ci shi, kamar gara. Ni na fara lura. In ya zo gaishe ni, bakina yake kallo ba idona ba. In na yi magana ta bayansa, shiru. Wata rana yana zaune yana shan ruwa, na ɗaga babban kwanon wanki na sake shi a ƙasa daidai bayansa. Kyanwa ta tsallake katanga. Baffanku ko gezau.

Na zagayo gabansa na ce, "Babba, kunnenka ya tafi."

Ya ce, "Inna, gajiya ce."

"Gajiya ba ta toshe kunne. Asibiti za ka je. Kafin nan ka tara mutanenka ka faɗa musu."

"In faɗa musu? Ni? Su zaunar da ni a benci?"

Na ce, "Wa ya kafa bencin?"

Ya tashi ya sa takalminsa. Na bi shi har ƙofa ina faɗa, amma tunda ya ba ni baya, da bango nake magana.

Ba a jima ba, wata yamma, sai ga wani daga cikin ma'aikatansa, wanda suke kira Dogo, ya yi sallama. Ƙato ne, amma ya durƙusa yana murza hularsa kamar yaron da ya fasa tulu.

Na ce, "Lafiya? Bakinka ne ya maƙale?"

Ya ce, "Mama, ki rufa mini asiri, kada Oga ya san na zo. Oga ba ya jin kiran. Mun daɗe da ganewa. Ƙiyasi yake yi a ransa. In ya ga kamar lokacin fitowa ya yi, sai ya kunna, ya yi kamar ya ji."

"Ku kuma kuna kallo?"

"Mu masu sauri muke shiga. Mun san iya lokacin da yake ba mu, kafin ya cika mun fito. Ko kwanan nan sai da zarto ya yage mini hannun riga."

"Duk girman nan naka, ba ka iya buɗe baki ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Mutum ɗaya ne ya buɗe, Mama. Jirgi. Yau ya sami Oga shi kaɗai, ya tsaya a gabansa yadda zai ga bakinsa, ya ce, 'Oga, ni na san yadda ake zama da jikin da ya ƙi mutum. Ba abin kunya ba ne. A sa wani ya tsaya inda za ka gan shi, ya riƙa ɗaga maka hannu.' Wallahi cikin ladabi ya faɗa. Sai Oga ya hau shi da faɗa. Ya tara mu ya ce, 'Ku zo ku ji, gurgu ya zama likitan kunne! Ni kake haɗawa da kanka?' Ya ce tunda Jirgi ya fi kowa sanin inji, daga gobe shi zai riƙa shiga ƙarƙashi."

Na ce, "Shi kuma ya yarda?"

"Yana da iyali, Mama. In ya bar nan wa zai ɗauke shi?"

Kun gane ko? Lokacin da Baffanku yake ƙiyastawa, lokacin masu ƙafa biyu ne.

Gari na wayewa na ɗauki sandata na fita. Gidansa na fara zuwa, matarsa ta ce ya riga ya wuce. Na tari mota. Motar nan ta tsaya nan ta ɗauki wannan, ta tsaya can ta sauke wancan, ga cunkoso a mararraba. Na ce wa direban, "Ɗan nan, in turawa ake yi mu sauko mu tura." Mutane suka yi dariya. Ina ta roƙon Allah Ya sa in tarar da injin yana ƙara, don muddin yana ƙara, ba kowa a ƙarƙashinsa.

Na sauka a bakin masana'antar. Shiru.

Na shiga. Abin da na fara gani sandar Jirgi ce a jingine. Sai ƙafafunsa biyu sun leƙo daga ƙarƙashin injin, mai lafiyar da siririyar. Ma'aikata sun yi cirko-cirko. Can bayan ginshiƙi ga ɗana, ya ba mu baya, hannunsa a kan makunni.

Daga ƙasa muryar Jirgi ta fito: "Oga, saura kaɗan! Wani guntu ya maƙale!"

Na ƙwala kira, "Babba!"

Bai juyo ba. Na ga kafaɗarsa ta motsa.

"Ku taɓa shi!" na ce. "Ku riƙe hannunsa!"

Biyu suka ruga. Ku saurara da kyau, don wannan har in mutu ba zan manta ba. Suna kaiwa jan layin nan, sai ƙafafunsu suka tsaya. Ƙiftawar ido ce kawai. Ƙatti biyu, ran mutum a ƙarƙashin zarto, amma fenti ya tsayar da su. Kafin su tuna su mutane ne, injin ya ɗauka.

Dogo ne ya yi tsalle ya cafki ƙafar Jirgi ya fizgo shi. Ni kuma na ƙetare layin na sauke wa Baffanku sanda a gadon baya. Ya juyo a fusace, ya ga fuskata, ya kashe.

Dusar katako fara ce. Ranar na gan ta ja. Da Dogo bai ja shi ba, da hannun gaba ɗaya ya tafi. A hannun dama, wanda yake goge katako da shi, wanda yake riƙe sanda da shi, babban yatsa kaɗai ya rage. Jirgi bai yi ihu ba. Ya danne hannun a ƙirji yana cije leɓe, yana cewa, "Ba komai, ba komai." Haka aka koya musu. Na cire mayafina na ɗaure masa, na ce, "Yi kukanka, bawan Allah. Akwai komai."

Da la'asar aka bar mu muka shiga wurinsa a asibiti. Matarsa tana zaune a ƙasa da goyo, ko kallonmu ba ta yi ba, kuma ban ga laifinta ba. Ma'aikata sun jeru a jikin bango. Baffanku ya tsaya a ƙarshen gado kamar an dasa shi. Jirgi ya buɗe ido ya gan shi, ya yi magana. Muryarsa ta yi ƙasa, leɓunansa sun bushe, da ƙyar suke motsi. Duk mun ji. Mutum ɗaya ne bai ji ba.

Baffanku ya zuba wa bakin ido, bai samu komai ba. Ya kalli Dogo. Ya kalli sauran. Sai ya juyo gare ni, a gaban ma'aikatansa, a gaban majinyata da masu jinya, ya ce, "Inna, me ya ce? Ba na ji."

Ban sassauta masa ba. Na kama kunnen na ja shi ƙasa, na ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji: "Cewa ya yi, da ka faɗi haka jiya, ba wanda zai yi maka dariya!"

A nan ƙasa ya zauna.

Mai masana'antar ya sallami Baffanku, bai yi musu ba. Jirgi bai ƙara goge katako ba. Har yau abincin gidansa daga gidan Baffanku yake fita, amma abinci ba ya tsiro da yatsa. Daga baya Baffanku ya je wurin likita, aka maƙala masa wata 'yar na'ura a kunne wadda ba ta fi ƙwayar wake ba. Yanzu ko allura ta faɗi yana ji. Abin da ya ƙi nema ke nan, har wani ya biya da hannunsa.

To ga abin da nake so ku ɗauka, tunda ba don daɗin baki na ba ku labarin ba. Duk wurin da mutum ba zai iya cewa "ina da matsala" ba sai an yi masa dariya, wurin nan hatsari ne, ko aji ne, ko wurin aiki, ko cikin gida. Wanda ya hana mutane faɗin rauninsu, ranar da nasa ya zo shi ma ba shi da bakin faɗa, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne zai fara jin jiki. A ajinku akwai mai jinkirin ganewa, akwai mai i'ina, akwai wanda yake cin abinci shi kaɗai. Ku matsa masa wuri. In ya yi magana ku bari ya kai ƙarshe. In ku ne ba ku gane ba, ko kuna tsoro, ko wani abu yana cin ranku, ku buɗe baki ku faɗa tun da sauran lokaci. Kuma in na ji an sa wa ɗan wani sunan tsokana da bakin ɗayanku a ciki, ni da shi ne. In Baffanku ya zo, ku gaishe shi kamar kullum, ban ce a zuba masa ido ba. Ke, share hawayen nan, kai, kashe fitila. Ku tashi ku ba ni wuri, kowa ya nemi shimfiɗarsa.