Mutumin Da Aka Yi Wa Ta'aziyyar Kansa

A garinmu Nafta akwai wani mutum, Si Lutfi bin Tayyib, mai kula da ɗakin karatun da kakanninsa suka bari waƙafi. Mutumin kirki ne, amma gaggawa ta yi masa katutu, ko shayi ba ya jira ya huce. Sharaɗin waƙafin kowa ya san shi: ranar da mai kula ya mutu bai bar magaji ba, littattafan sai babban birni. Si Lutfi kuwa ba shi da ɗa.

Da aka ce a sa sunayen littattafan a intanet, aka kawo masa manhaja biyu ya zaɓa. Ta farko sai an ba ta sunan marubuci da na ubansa da kakansa da laƙabinsa, yadda muka saba. Ta biyu suna biyu sun ishe ta, in ta ga iri ɗaya sai ta haɗe su ta ce mutum ɗaya ne.

Goggonsa Lalla Mabruka ta ce, "Kai Lutfi, gidan nan daga Lutfi ɗan Tayyib sai Tayyib ɗan Lutfi. Ni da na goya ku ma rikicewa nake, balle ƙarfe."

Ya ce, "Goggo, bar ni da zamani. Kafin kuskus ɗinki ya dahu na gama."

Ya ɗauki ta biyu. To, shi ma ya taɓa rubuta ɗan littafi kan ban ruwan dabino, har da hotonsa. Manhajar ta haɗe shi da kakansa mai sunansa. Shekarar Hijira da kakan ya rasu ba ta gane ta ba, ta yar, ta bar kalma ɗaya a ƙarƙashin hoton Si Lutfi: marigayi.

Dangi suka taso daga garin Gabis da akussan abinci, suka zo ta'aziyya. Shi ya buɗe musu ƙofa. Wata ta saki akushi ta hau salati. Ya gyara shafin, washegari manhajar ta sake haɗe su. Ya kuma gyarawa, ta kuma binne shi. Da rana tsaka sai ka iske shi cikin sanyin ɗakin, shi kaɗai, yana kallon fuskarsa tana murmushi a kan kalmar nan. Ni kaina tsigar jikina tashi take in mun gaisa.

Ya tafi neman masu manhajar, ba tare da ya sanar da hukuma komai ba. A bayansa mota ta iso daga babban birni da wani ma'aikacin hukuma, ya zo kwashe littattafan.

"Yana raye! Jiya na dafa masa abinci!" in ji Lalla Mabruka.

Ma'aikacin ya dubi wayarsa, ya dube ta da tausayi. "Sai haƙuri, Lalla. Rashi akwai zafi."

Si Lutfi ya dawo ya tarar da kantoci wayam. Har yau yana zirga-zirgar kotu. Ɗan littafinsa ma sun tafi da shi, yana can an jera shi tare da na mamata.

Darasi: wanda zai zaɓi ma'ajiyar amanar kakanninsa, ya tsaya ya duba ko ta san mutanensa yadda suke kiran kansu. Kayan aikin da bai dace da gidanka ba, saurinsa ba alheri ba ne. Sauri ya haifi nawa, wani lokaci har ya haifi makoki.