Kwalabe Sittin na Dakta Hambali

An yi wani mutum, wani bawan Allah malamin jami'a, ana ce masa Dakta Hambali. Ku saurara, wannan ba a littafi na karanto ba, don ni ko bihim ban sani ba. Da idona na gani. Ni ɗin nan na haura tamanin. Na ga yunwa, na ga kwalara ta kwashe rabin unguwarmu ta bar ni tsaye, kada ya kama ni a cinya ya saki don kansa. Ba kowa nake sara wa ba, amma wannan mutum na sara masa.

A wani gari ne, ba sai na faɗi sunansa ba. Aka yi mana madatsar ruwa, kogin da muka sani yana gudu ya tsaya ya zama tafki. Kifi ya samu, noman rani ya samu. Lokacin ni ne Sarkin Ruwa, duk masunta a hannuna suke. Sai kuma, ku gafarce ni, maza suka fara ganin jini a bawalinsu. Mu ba mu ɗauke shi ciwo ba, cewa muke alamar ƙarfin namiji ce.

Ana haka Dakta ya zo. Aikinsa shi ne binciken irin cutar da ke biyo baya idan aka sauya wa ruwa ko ƙasa hali. Ya ce yana zargin tsargiya, wadda ƙananan dodon koɗi ke yaɗawa a ruwan da ba ya gudu. Ya raba wa masunta kwalabe sittin, kowa ya kawo bawalinsa a auna.

To, wa zai miƙa wa baƙo bawalinsa? Da shi ake yi wa mutum sammu. Ga shi kuma dagaci ya ce a ba shi haɗin kai. Ni na kawo dabara. Akwai wasu tsofaffi uku a kan tudu, rabonsu da shiga ruwa tun kafin a yi madatsar, suka ce su sun wuce tsoron asiri. Kwana biyar muna ɗura musu kunu da ruwa, har kwalabe sittin suka cika.

Dakta ya auna, bai ga komai ba. Ya rubuta takarda cewa tafkinmu ba cuta. Aka buga, aka yaba, aka sa sunansa cikin waɗanda za a ba farfesa. Da shekara ta kewayo ya dawo yi mana godiya, har da ƙwaryar goro. Ni kuwa bakina bai iya riƙe abin alfahari ba.

Na ce, "Dakta, duk bokon nan naka, mu da ba mu je aji ba mun yi maka wayo."

Na kwashe labari na ba shi ina dariya. Shi bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya tambaye ni ko masu ganin jinin suna nan. Na ce suna nan, ni ma ina ciki.

Ya ce, "Sarkin Ruwa, ashe takardata ƙarya ce. Kuma saboda ita ba wanda zai kawo muku magani."

Ku saurara da kyau, nan jarrabawar take. Wani abokin aikinsa ne ya ba ni sauran labarin daga baya, don shi bai taɓa faɗa ba. Shugaban Dakta a jami'a ya ba shi shawara ya yi shiru. Wa ya sani? Masunta ba sa karanta mujalla. Ya bari ya hau kujerar farfesan tukuna, bayan shekara biyu ko uku ya sake bincike a hankali. Dakta ya ce, "Ranka ya daɗe, su kuma su yi ta zubar da jini har in hau?"

Da hannunsa ya rubuta ya janye takardar. Bai ce masunta sun cuce shi ba, cewa ya yi shi ne bai tsare aikinsa ba. Aka cire sunansa. Aka yi ta yi masa dariya, wai mutanen ƙauye sun sayar da shi. Ɗalibansa suka zo suka wuce shi.

Ya dawo garinmu. Wannan karon ya kafa madubinsa na awo a gindin tsamiya, a bainar jama'a. Ya ce kowa ya duba nasa da idonsa, ya zubar da hannunsa, ya tafi gida da kwalabarsa, ba abin da zai bar gari. Ni na fara, don ban taɓa bari wani ya riga ni shiga ruwa ba. Na leƙa, na ga ƙwayayen cutar birjik. Cikin mu sittin, arba'in da bakwai muna ɗauke da ita. Damina biyu ya yi yana zuwa, har aka kawo magani, aka share ciyawar bakin tafki, aka haƙa rijiyoyi. Har ya yi ritaya bai zama farfesa ba.

To jama'a, faɗin gaskiya a kan kuskuren wani ba wuya, kowa gwani ne. Mai gaskiya shi ne wanda zai tona kuskuren kansa alhali ba wanda ya gani, alhali ya san abin da zai rasa. Kai magini da ka san ka rage siminti, ke mai awo da kika san mudunki ya lotsa, ku 'yan makaranta masu son a kira ku da manyan sunaye, akwai wanda ke cutuwa da shirunku. Kada ku ce sai kun hau kujera. Ku je ku gyara yau, ko da za a yi muku dariya. Allah Ya ba mu ikon yi.