Yakaka da Sunan da Bakinta Ya Kasa Faɗa

Akwai wata baiwar Allah a Fagge mai suna Yakaka. Kakanninta daga Borno suka zo, amma ita a Kano aka haife ta, a nan kuma ta yi aure. Mijinta Bahauddeen ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, rabin wata yana Legas wajen saro kaya. 'Yarsu ɗaya ce tak, Jawahir, shekararta uku da rabi.

Jawahir ba ta kallon idon mutum, ba ta surutu. Sai ta wuni a lungun ɗaki tana jera marafan kwalba. Da fari har yabonta ake yi. "Kai, yarinyar nan akwai kunya!" in ji matan gidan.

Da aka ga shiru ya yi yawa, yabo ya koma tsegumi. Makarantu biyu suka dawo da ita, wai ba ta jin magana. Daga ƙarshe likita ta duba ta, ta ce lalurar otizim ce, amma mai sauƙi.

"Ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne," in ji likitar. "Ƙwaƙwalwarta ce ke koyo ta wata hanya daban."

To, wa zai saurari wannan bayani a gida? Maƙwabta suka janye 'ya'yansu, kamar abin ana ɗauka ne. Yakaka ta daina zuwa biki da suna, don ta gaji da kallon da ake bin 'yarta da shi. Gida cike da mutane, amma sai ta wuni ba wanda ya ce mata sannu. Wallahi kaɗaici ya ci baiwar Allahn nan.

Likitar ce ta kwatanta mata wata ƙaramar makaranta a Sabon Gari, wajen wata malama da ake kira Anti Ujunwa. Iyayenta Ibo ne, amma haifaffiyar Kano ce, Hausa a bakinta kamar ruwa.

Ranar farko, Anti Ujunwa ta zauna daɓas a ƙasa kusa da Jawahir, ta ce, "Maman Jawahir, kira min ita mu gani."

Yakaka ta ce, "Ke! Ke yarinya!"

"A'a, da sunanta."

Yakaka ta sunkuyar da kai. "Anti, 'yar fari ce. Tun da na haife ta ban taɓa faɗin sunanta ba. Ko wasa ba na yi da ita a gaban mutane. Haka na tashi na ga ana yi." Ta dubi 'yarta. "Ko ni na jawo mata?"

"Ko kaɗan, da shi aka haife ta. Na san alkunyar ɗan fari, a garin nan na girma. Amma ni awa huɗu nake da ita, ke kuwa kullum kuna tare. In za ta koyi juyowa idan an kira ta, a bakinki za ta koya."

Ta koya wa Yakaka abin da za ta riƙa yi a gida. Ta durƙusa daidai fuskar yarinyar, ta kira sunan sau ɗaya, ta ƙirga goma a zuci ba tare da ta ƙara komai ba. Ta shiga wasan marafan, ta riƙe guda ɗaya kusa da idonta. In Jawahir ta kalle ta ko da ƙiftawar ido ne, ta miƙa mata, ta yi murna sosai.

Ranar da Yakaka ta fara gwadawa sai da ta rufe ƙofa, ta saki labule. Sunan ya fito da ƙyar, kamar mai haɗiyar magani. Jawahir ko motsi ba ta yi ba.

Ba a yi sati ba surukarta, Hajiya, ta ji ta ta taga.

"Yakaka! Me kunnena ke ji? Sunan 'yar fari gatsau? Har kina rarrafe a ƙasa kamar wata yarinya? Ina kunyar da aka san ki da ita?"

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Magani ne aka ba ni."

"Magani! Oho, ke kika sani."

Daga nan matan gidan suka samu abin yi. In ta fito ɗiban ruwa sai wata ta maƙale murya ta ce "Jawaaahir," su kwashe da dariya. Haba jama'a! Mace na fama da abin da ya dame ta, ku kuma kun samu wasan kwaikwayo?

Yakaka ta kira mijinta a waya ko za ta ji sanyi. Ya ce, "Ki dai bi a hankali, kar ki ɓata wa Hajiya rai." Shi ke nan abin da ya ce.

Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi. Kullum da safe su hau adaidaita sahu zuwa Sabon Gari, da yamma ta durƙusa, ta kira, ta ƙirga goma. Sau da yawa a ƙarshen ƙirgar kuka take yi.

Wata Asabar da la'asar ana suna a gidan, tsakar gida ta cika maƙil, ana ta rabon waina. Hayaniya ta yi wa Jawahir yawa, ta toshe kunnuwa ta nufi zaure da sauri, ga titi a waje. Yakaka na can nesa da tire a hannu. Ga Hajiya, ga dangin miji kaf a zaune.

Ta ajiye tiren, ta ɗaga murya: "Jawahir!"

Ɗaya. Biyu. Uku.

Yarinyar ta tsaya cak. Ta juyo, ta nemi fuskar uwarta a cikin taron har ta same ta, ta taho ta kama zaninta.

Yakaka ta waiwaya ko wani ya ga abin da ya faru. Ba wanda ya lura. Wata ce kawai ta taɓe baki ta ce, "Ji rashin kunya, a gaban surukai."

Yakaka ta ɗauki 'yarta ta shige ɗaki. Ta kira lambar Anti Ujunwa, ta buɗe baki, magana ta ƙi fita sai sheshsheƙa.

"Maman Jawahir? Lafiya?"

"Anti, ta juyo. Na kira ta, ta juyo."

Sai Yakaka ta ji malamar ita ma tana kuka.

Darasi: Yaro mai otizim ba mara tarbiyya ba ne, haƙuri da maimaici yake buƙata, kuma a wajen iyayensa ya fi buƙatarsu. Kunya abu ne mai kyau, amma kar ta shiga tsakaninki da ɗanki. Ku kuma da ke gefe, in ba za ku taimaka ba, ku daina dariya. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai uwar da ke ƙirga goma ita kaɗai a ɗaki yanzu haka.