Lungun da Yaɓe Ya Cinye

Akwai wani mutum a Ƙanƙara ana ce da shi Mamuda, zamanin En'e, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. Lokacin gyaɗa na da daraja, gari ya cika, sai aka yanka sabuwar unguwa a bayan gari ta hanyar Pauwa.

Ba sakin mutane aka yi kowa ya gina inda ya ga dama ba. Malamin safiyo ya zo da igiyarsa aka kafa turaku. Aka ware wurin masallaci, aka ware inda za a haƙi ƙasar gini, aka tura majema can inda iska ba za ta kawo wari ba. Kowane lungu kuma aka ce faɗinsa kamu biyar, yadda jaki da mangala zai wuce ba tare da ya gogi bango ba.

Mamuda ya samu fili mai kyau, zaurensa na kallon babbar hanya. Gefen gidansa akwai lungu, tsallaken lungun gidan Zailani ne. A ƙarshen lungun kuwa, inda ya toshe, nan wata tsohuwa take, Inna Hajaratu. Mijinta ya rasu, da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take riƙe kanta. Duk mako wani mai jaki daga Mabai yake kawo mata gyaɗa har ƙofar gida. Ba ta da wata hanyar shiga ko fita sai wannan lungu.

Daminar farko katangar Mamuda ta gefen lungu ta zube. Da ya zo tayar da ita, ya ce wa magina su matso waje kamu ɗaya. Turken da aka kafa ya shige cikin gini, aka shafe shi da laka.

Inna Hajaratu ta same shi tsaye kan magina.

"Mamuda, sannu da aiki. Katangar nan na ga kamar ta yi tafiya."

"Katanga na tafiya, Inna? Idonki ne ya fara tsufa."

"Idona ya tsufa, amma jakin Mabai yaro ne. Shi zai gaya mana."

Ya yi dariya ya juya mata baya.

Mai son zuciya ba ya ƙoshi, wannan na daɗe da sani. Kowace shekara bayan ruwa ya ɗauke ana yi wa katanga yaɓe. Mutanen kirki sukan kankare tsohon su shafa sabo. Mamuda bai taɓa kankarewa ba. Sai ya lafta sabo kan tsoho, ta waje kawai, mai kauri kamar ana tuƙa tuwon biki.

Zailani na tsallake yana kallo. Maimakon ya yi magana, sai ya ce shi ma ba a fi shi hannu ba. Ya gina dogon dakali jikin katangarsa, wai na shan iska. Dakalin da ba a taɓa ganin kowa zaune a kai ba, don ko iskar ba ta shiga lungun.

Da Mamuda ya ga dakali, ya ce katangarsa na neman tokari, ya ƙara mata ginshiƙai biyu, su ma ta waje.

Ranar da jakin Mabai ya zo ya tsaya a bakin lungu, mangala ta ƙi shiga, mai jakin ya sauke buhunan a nan ya ce iyakarsa ke nan. Tun daga ranar tsohuwar nan take kwasar gyaɗarta a ƙwarya, sawu bayan sawu, daga bakin hanya zuwa gida. Itace ma haka, guda-guda. Matar da ta haifi kamar Mamuda. Bayanta ya fara ciwo, wani makon ko suya ba ta iya yi. Ta san in aka ci gaba haka, ko ta bar sana'ar ko ta bar gidan.

Ta je wurin mai unguwa, Malam Gide.

"Allah shi ba ka nasara, lungunmu na ƙarewa."

Malam Gide mutum ne mai kunya, irin kunyar da ba ta da amfani. Ya zo ya leƙa, ya yi gyaran murya, ya kira su biyun.

Mamuda ya ce, "Ranka shi daɗe, yaɓe ne kawai. An hana yaɓe?"

Zailani ya ce, "Ni dakali ne. In ya janye katanga, in rushe."

"In ya rushe dakali, in duba katanga."

Malam Gide ya dubi wannan ya dubi wancan, ya juya ga tsohuwa ya ce, "Inna, a yi haƙuri. Zama da maƙwabci sai haƙuri."

Ta ce, "Haƙurin ni kaɗai aka yanka wa filinsa, Malam?"

Haka ake yi kullum, a bar mai laifi a je ana ba wanda aka cuta haƙuri.

Mamuda ma har ya bi ta da magana. "Inna, ke kaɗai ce, ga ki siririya. Kamu biyar na me? In lungun ya yi miki kaɗan, ki koma cikin gari wurin ɗiyarki."

Ta ce, "Allah shi kai mu rani." Ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce. Ba ta ƙara kai ƙara ba, ba ta kuma daina gaishe shi ba.

Shi Mamuda abin da ya sa bai damu ba, ta zaure yake shiga ta zaure yake fita. Amma yana da ƙofar baya a can cikin lungun, ta garken dabbobi. Ta nan ya shigar da wani ɗan maraƙi tun shekarar da aka tare, ya ɗaure shi a turke yana zuba masa dusa da harawa da ƙaiƙayi. Shekara uku san nan bai taka waje ba. Ya yi tozo, ya yi ciki, ƙahonsa ya buɗe. Mamuda ba shi da hira a majalisa sai ta sansa.

Ana gab da babbar Sallah wani mahauci mai suna Hadi ya zo daga Faskari ya ga sa, suka daidaita. Ya ce a fito da shi ranar kasuwa da hantsi.

Ƙofar zaure ba ta cin sa, kowa ya sani. Aka buɗe ƙofar baya. Hadi na gaba da igiya, Mamuda na baya da sanda. Sa ya yi taku goma, ya karkata kai ya zura ƙahonsa tsakanin ginshiƙi da dakali, kafaɗa ta shige da kyar, ciki ya cije.

Hadi ya ja, bai motsa ba. Aka ce a mayar da shi baya, ƙaho ya tokare ginshiƙi.

Hadi ya ce, "Malam, ta ina ka shigo da shi?"

"Ta nan."

"To ko dai san ya girma ko lungun ya rame."

Mutanen da ke hanyar kasuwa suka taru. Aka kawo ruwan karkashi aka shafa masa a ciki. Aka ɗauko man gyaɗa, wurin Inna Hajaratu kuwa, ta bayar. Duk a banza. Rana ta take, sa ya fara haki yana kumfa. Ya yi wani yunƙuri, ƙafarsa ta gaba ta zame gefen dakali, aka ji ƙarar karaya.

Mamuda na bayan sa, ba hanyar wucewa, yana ta kiran Zailani ya rushe dakali. Zailani na gaba yana cewa a fara da ginshiƙi. Dabba na wahala, manyan mutane da gemu suna musun wa zai fara.

Sai a lokacin Malam Gide ya tuna shi ne mai unguwa. Ya ce a kawo diga da gatari, a sare duka biyun, kada a tsaya sai an koma kan turakun farko.

Aka sari katangar Mamuda. Da yake nauyinta duk ya koma waje, ana cire ginshiƙan ta kwanta gaba ɗaya, tun daga garke har kusa da zaure. Tsakar gidansa ta fito fili, matansa suka ruga ɗaki, 'yan kallo na ganin har tukunyar da ke kan murhu.

San kuwa bai tashi ba. Hadi ya ce shi ba karyayye ya saya ba, amma zai taimaka ya yanka kafin ya zama mushe. Nan cikin lungun aka yanka shi, aka yi watanda da naman, kowa ya ɗauki kashi yadda ya sawwaƙa.

Da la'asar Mamuda na zaune kan ɓaraguzan katanga, ya haɗa kai da gwiwa. Inna Hajaratu ta fito za ta karɓo kwanon manta. Ya ɗago.

"Inna, shekara uku ina kiwon san nan."

Ta ce, "Na sani, Mamuda. Shekara uku kana ciyar da sa, shekara uku kana ciyar da katanga, kowanne na ƙiba. A ina ka zaci za su haɗu?"

A ranar nan, da zana ya kewaye gidansa, kuma da zanar ya ci Sallah.

Darasi: Hanya ba rarar fili ba ce, haƙƙin jama'a ce, kuma wanda ya ci taƙi ɗaya daga cikinta ya ci haƙƙin duk mai bin ta. In maƙwabcinka ya yi ɓarna, hana shi, kada ka yi gasa da shi. Mai riƙe da unguwa kuma ya tsawatar tun katanga na ɗanya. Ku isar da wannan ga duk wanda kuka ga yana matso da gininsa kan hanya, ko ɗan'uwanku ne.