Masaƙar Baba a Cikin Gilashi

Akwai wani kansila, kuma tun farko in faɗa muku, mutumin kirki ne. Shi ya gyara rijiyar unguwarsu, shi ya tsaya aka yi wa makaranta rufi. Da aka ba shi kula da al'adu kuwa sai ya ɗauki abin da zafi, ya rantse sai ya buɗe gidan tarihi kafin wa'adinsa ya cika.

Gini ya kammala, akwatunan gilashi sun iso, amma babu abin kirkin da za a saka ciki. Nan ya tuna da masaƙar mahaifinsa.

Baban nasa masaƙi ne, shekara hamsin a rumfa ɗaya a ƙofar gida. Ba wani ciniki yake yi ba. Amma gari na wayewa zai zauna, ƙafa na takawa, hannu na jefa ƙoshiya, ɗan katakon nan mai ratsa zare. Tsofaffin abokansa na gefe suna yi masa tsiya, wai zanen da yake saƙawa ya fi shi kyan gani.

"Baba, ka huta haka nan," in ji Kansila. "Mutane na cewa ɗanka na ofis, kai kana fama da zare. Ba ni masaƙar in ajiye inda duniya za ta gani."

Tsohon ya daɗe yana shafa katakon. "Auta, in na huta, in yi me?"

"Ka ci, ka sha, ka yi barci."

"To ai akuya ma aikinta ke nan."

Suka yi dariya. Sai dai tsohon bai taɓa iya hana autansa komai ba. Washegari mota ta zo ta ɗauke masaƙar.

Ranar buɗe gidan tarihi an yi tafi har hannu ya yi zafi, Kansila ya sha yabo. A gida kuwa rumfa ta yi tsit. Abokan hira suka janye ɗaya bayan ɗaya, don tsohon ya daina mayar da tsiya.

Yayar Kansila ta kira shi a waya. "Baba fa ba ya cin abinci. Wuni yake yana kallon hannunsa."

"Yaya, bari mu gama taron nan, ina zuwa."

Taron ɗan siyasa kuwa yaushe ya taɓa ƙarewa?

Bayan wata tara, wata safiya yana zagayawa da manyan baƙi a gidan tarihin, sai ya ji mai gadi ya ɗaga murya: "Kai tsoho! Ba a taɓawa!"

Ya waiwaya. Babansa ne, ya rame, ya dafa gilashin da masaƙarsa ke ciki da tafin hannu.

"Yi haƙuri, ɗana," in ji tsohon ga mai gadi. "Zare ɗaya ne na ga ya saki, na ce ko in ɗaure shi."

Wallahi a nan zuciyar Kansila ta karye. Ya bar baƙin a tsaye, ya karɓi makulli, ya kinkimo masaƙar da kansa ya mayar da ita rumfarta a ranar.

Tsohon ya zauna. Ya ɗauki ƙoshiya, ta suɓuce. Ya sake ɗauka, ta sake faɗuwa. Yatsun da suka yi wata tara ba aiki sun sandare, sun ƙi lanƙwasuwa. Kansila ya durƙusa yana murza masa su, hawaye na zuba.

"Baba, za su saki. Gwada kuma."

Tsohon ya zare hannunsa a hankali.

"Mayar da ita cikin gilashin, Auta. A can mutane da yawa ne ke kallonta. A nan ni kaɗai zan zauna ina kallo."

Darasi: Ba kowane hutu ne gata ba. Kafin ka raba tsoho da aikin hannunsa da sunan kana tausayinsa, tambaye shi, kuma ka tsaya ka ji amsar. Ku tura wa duk wanda iyayensa ke raye, ko wani zai farga da wuri.