Mutum Sha Huɗu Da Kwamfuta Ta Tsallake

Akwai wani matashi a unguwar Briqueterie mai suna Zakiyyu, gwanin rubuta manhajar kwamfuta. Ya iya kam, sai dai duk unguwar babu wanda ya kai shi sanin cewa ya iya.

Ana gab da babbar Sallah, ƙungiyar matan unguwa ta samu shanu uku daga kasuwar Etoudi don rabon naman layya. Yayarsa, Adda Saliha, ita ta bi gida-gida tana rubuta mabuƙata a littafi. Ta ce ya shirya mata su a jadawali: suna, lungu, lambar waya, yawan mutanen gida. Wanda ke cikin takardar nan shi kaɗai zai samu nama.

"Minti goma, Adda," in ji shi.

Manhajar tasa takan auna rubutun kowane gurbi don layuka su miƙe tsaf. Tana isa gurbin da babu lambar waya, ta rasa abin aunawa, sai ta tsaya cak. Ya sake gwadawa, ta sake cijewa.

Haushi ya kama shi. Maimakon ya duba su waye, sai ya ƙara umarni guda: duk layin da ke da gurbi fanko, a tsallake shi. Nan take jadawali ya fito gwanin sha'awa, ya miƙa mata yana hura hanci.

Adda Saliha ba ta san kwamfuta ba, amma ta san mutanenta. Ta bi takardar da yatsa har ƙasa.

"Zakiyyu, ɗari biyu da sha biyu na rubuto. Nan ɗari da casa'in da takwas ne. Ina sha huɗu?"

"Su ke kawo erreur, Adda, manhaja ta cije. Ba su da numéro na waya, tablo, wato jadawalin, ba ya fita da su."

"To su wa kake jin ba su da waya a unguwar nan? Alhazan kanti?"

Ta buɗe littafinta ta fara karantawa. Goggo Hansai mai gyaɗa, da jikoki marayu huɗu. Malam Garga makaho. Kafin ta kai na biyar, ya gane ɓarnar da ya yi. Waɗanda suka fi kowa buƙatar naman su ya goge, don kawai takarda ta yi kyau. Kunya ta rufe shi.

Ya koma ya zauna. Wannan karon ya koya wa manhajar haƙuri: in ta tarar da gurbi fanko, ta sa ɗan gajeren layi ta wuce, mutumin kuma ya zauna a wurinsa. A ƙasa ta faɗi jimillar sunaye, don a gwada da littafi. Sha huɗun nan kuwa, tunda ba a iya kiransu, da ƙafarsa ya bi lungu-lungu ya sanar da su ranar rabo.

Ranar rabo, Goggo Hansai ta karɓi kasonta, ta leƙa takardar da ke hannunsa.

"Ɗan nan, wannan ɗan layin gaban sunana fa?"

"Wurin lambar waya ne, Goggo. Ba ki da ita."

Ta yi dariya, ta gyara ƙullin namanta.

"Wayar ce babu. Ni kam ina nan."

Darasi: In aikinka ya cije a kan gurbin da babu komai, kar ka yi saurin gogewa. Tsaya ka duba, sau da yawa akwai mutum a bayansa. Ku tura wa duk mai riƙe da jerin sunayen jama'a.